Hular Winifred a Coci

Yayata Winifred, mai rubuta littattafan ƙwari da zana su, ta daɗe tana son ganin yadda wani malam buɗe littafi ke fitowa daga kwansonsa. Gidanmu na Dorset, can ƙasar Turawa, sanyi gare shi, kullum tsutsar sai ta mutu. Sai ta koma ajiye kwanson cikin hularta don ɗumin kai.

Ran Lahadi Fasto Hembry na tsakiyar wa'azi, ta damƙe ni.

"Maud, yana motsi!"

Na ce, "Yaya, ki rufa mana asiri. Mace ba ta cire hula a coci."

Ta cire abarta. Ga malam buɗe littafin ya fito, yana buɗe jiƙaƙƙun fikafikansa. Babu takarda, sai ta hau zane da fensir a kan farar safar hannuna, hannun na ciki. Fasto ya dakatar da wa'azin.

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ci gaba, ranka ya daɗe, ina ji."

Zanen nan ne yau a bangon littafinta. Matan da suka cinye mu da gulma, yanzu kowacce rantsuwa take kusa da mu ta zauna.