Igiya ta Goma Sha Biyu

Alƙalin wasa bai gama hura usur na ƙarshe ba ɗalibai suka ɓalle daga kujeru suka cika fili. Saba'in da ɗaya da sittin da takwas. Kwalejin Harlow Creek ta ci kofin yankinta na ƙwallon kwando, karo na farko tun da aka kafa ta, kuma a gida, ranar Asabar da la'asar. Koci Delmar Pruitt bai yi tsalle ba, gwiwarsa ta daɗe da hana shi. Tsayawa ya yi yana kallon ma'aikata biyu suna jawo tsani zuwa ƙarƙashin kwando.

Shekara arba'in ke nan yana jiran wannan tsanin. Yana ɗan wasan kwalejin nan, a ɗakin nan, saura daƙiƙa biyu a tashi wasan ƙarshe aka ba shi jifa biyu, ya zubar da su duka. Yana zaune dirshan a ƙasa baƙi suka hau tsani suka yanke ragar kwandon gidansu suka tafi da ita. Daga nan ya koyar a sakandare, ya yi mataimaki a garuruwan da sai ka sa tabarau kake ganinsu a taswira, sannan ya dawo gida. Shekara ashirin da uku yana koci, har motar 'yan wasa ya sha tuƙawa da kansa cikin ƙanƙara.

Ko yaron goye a nan jihar Indiana ya san yadda ake yi in an ci kofi. Igiya goma sha biyu ke riƙe da raga. 'Yan wasa su hau ɗaya bayan ɗaya kowa ya yanki tasa, ta ƙarshe ta koci ce, shi ke saukowa da ragar. Bana kuwa 'yan wasa goma sha ɗaya suka rage masa, shi ne cikon na sha biyu.

Yaro na uku yana kan tsani sai Brent Halvorsen ya dafa masa kafaɗa. Shi ne daraktan wasanni, shekararsa biyu da zuwa, mutum ne mai murmushin da ba ya kaiwa ido.

"Koci, barka! Ka fitar da mu kunya. Wata 'yar magana ce. Igiyar ƙarshe Yallaɓai Tillman zai yanka."

"Wane ne?"

"Haba Koci. Royce Tillman mana, mai sayar da motoci. Shi zai gina mana sabon ɗakin wasa."

Delmar ya waiga. Ga Tillman can da sabuwar hular kwaleji, ko takardar jikinta ba a cire ba. Wannan ne wasa na biyu da ya taɓa zuwa, na farkon ma a hutun rabin lokaci ya tafi.

"To ni kuma fa?"

"Kai sai ka riƙe masa tsani. Hoton zai yi kyau, na rantse."

Ya riƙe tsani! Ran Delmar ya yi baƙi ƙirin, har kunnuwansa suka ɗau zafi. Ba raina shi kaɗai aka yi ba. An raina duk asubar da yaran nan suka tashi gudu, da haƙorin da kyaftin ɗinsu Tyrell Boone ya bari a filin wasu a watan Janairu. Wai mutumin da bai san ko warin safar ɗakin canza kaya ba, shi za a rataya wa raga a wuya.

"Brent, shekararka nawa sa'ad da na zubar da jifa biyun nan?"

"Ba a haife ni ba."

"Ai na gani."

Murmushin ya ɗauke. Brent ya matso ya rage murya. "Takardar sabunta aikinka tana kan teburina, ban sa hannu ba tukuna. Shekararka sittin da biyu, Koci. Wa zai ɗauke ka? Igiya ce fa kawai."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Babu mai ɗaukarsa. Delmar ya kalli ragar tana sakkowa gefe guda, takwas, tara, goma. Tyrell ya hau ya yanki ta sha ɗaya, raga ta rage tana lilo da igiya guda. Yana saukowa Brent ya miƙa hannu zai karɓi almakashi. Tyrell ya kalli hannun kamar an miƙo masa kifin jiya, ya zagaye shi ya miƙa wa Delmar.

"Ga shi, Koci. Yi maza kafin tsufa ya hana ka."

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya: "Koci! Koci! Koci!" Tillman kuwa ko a jikinsa, har ya ɗora ƙafa a matakalar farko yana gyara hula saboda masu hoto.

"Yallaɓai," in ji Delmar, "a ɗan cire ƙafa."

"An ce ni zan..."

"Ga wata raga can a ɗaya gefen, igiya goma sha biyu cif, babu wanda ya taɓa. In mun gama za a kai maka tsani."

Tillman ya waiga can inda babu kowa sai mai shara da tsintsiyarsa. Ya janye ƙafarsa a hankali.

"Ranar Litinin ka zo ka kwashe kayanka," Brent ya faɗa ta cikin haƙora, yana yi wa masu hoto murmushi.

"Zan zo. Akwati ɗaya ne."

Ya kama tsani ya ɗaga ƙafa. A mataki na biyu gwiwar ta yi ƙara, tsanin ya yi rawa, mutane suka yi "wai!" Delmar ya dubo ƙasa, ya ɗaga murya yadda duk masu hoto za su ji.

"Brent! Riƙe min tsanin nan mana, kar in faɗo a gaban baƙi."

Ido dubu uku na kan daraktan. Brent ya sa hannu biyu ya riƙe.

Delmar ya ƙarasa hawa. Daga can sama ya hango daidai inda ya zauna a ƙasa shekara arba'in da suka wuce. Almakashin ya dakushe, sai da ya danna sau uku igiyar ta rabu, ragar ta faɗo masa a hannu. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan.