Gawayin Ɓuntun Shinkafa

Murjanatu ta Birnin Malam gawayi take yi da ɓuntun shinkafa. Takan ƙona ɓuntun a tsohon duro, ta daka, ta kwaɓa da kunun rogo, ta dunƙula, sannan ta shanya kwana huɗu cur. Babban mai saye a wurinta shi ne Abdulwahab, mai tsire a tashar Jega.

Da damina ta kankama sai ya daina aikowa. Ta ji labari wai ya samu mai araha a hannun wani.

Ƙanwar mijinta, Zulai, ta ce, "Yaya, ai laka suke haɗawa. Tana ƙara nauyi, kuma shanyar yini ɗaya suke yi. Ke ma ki gwada mana."

Murjanatu ta kwana biyu tana juya maganar, daga baya ta gwada. Amma kafin ta kai kasuwa, sai ta ce bari ta tuƙa tuwon gida da shi. Wuta ta ƙi kamawa, hayaƙi ya turnuƙe madafi, tuwon bai nuna ba. Mijinta Muntari ya yi loma uku, ya wanke hannu, ya tashi. Tashin nan ya fi mata faɗa zafi. Washegari ta farfasa dunƙulen duka, ta cike wani rami a bayan gida.

Ta koma yadda ta saba. Ciniki ya ja baya, sai masu tuyar masa da ƙosai ke saye kaɗan-kaɗan.

Ana cikin girbin gero sai ga Abdulwahab da kansa.

"Malam Abdulwahab, mi ya kawo ka?"

"Kunya ce, Inna. Wancan gawayi toka yake zubawa kan nama. Direbobin Maiyama da suka shekara goma suna tsayawa wurina, yanzu wucewa suke yi. Har yajina na sirka da garin masara, abin ya ƙara lalacewa. Na bari."

"Buhu biyu ne suka bushe. Sauran sai jibi."

"Ba a iya ba ni su yau?"

"Ba su bushe ba."

Ya yi dariya, ya ɗaura biyun a babur. Jibin ya dawo tare da wani abokin sana'arsa na Aliero. Kafin lokacin dashen albasa, sai da Murjanatu ta ɗauko mata biyu daga ƙauyen Sabiyal tana koya musu kwaɓi.