Mutuwar da Ba Ta Yi Kama da Gaske Ba

Daidai wurin da sojan cikin fim ɗin ya sulale jikin mota ne wani daga layin baya ya ƙyalƙyale da dariya. Saje ya yunƙura zai waiga, matarsa ta dafe masa gwiwa. Da ma bai so ta zo ba, ita ta nace sai ta ga aikin da ya raba shi da gida wata shida.

Mutum arba'in aka tara a ɗan zauren da rana tsaka, su kalli fim ɗin kafin a sake shi, su faɗi ra'ayinsu. Saje ya yi shekara ashirin da biyu a soja, shi aka ɗauko ya koya wa 'yan wasa riƙon bindiga da rarrafe. Duk abin da darakta ya ga dama ya yi, bai ce uffan ba. Wuri ɗaya tak ya kafa sharaɗi a kai, aka rubuta aka sa hannu: ba mai taɓa shi sai da yardarsa.

Wurin kuwa ba wani abin kallo ba ne. Soja ne tsugune bayan mota da hantsi, ya cire takalmi ɗaya yana matse safa, yana jan kunnensa na hagu yana mita. Sai wani ɗan ƙara, tas, kamar an karya busasshen kara. Ya zauna daɓas, ya jingina. Abokinsa ya ci gaba da yi masa tsiya har kusan minti guda kafin ya lura. Babu kiɗa, babu wuta, babu ihu.

Da aka kunna fitilu, darakta ya fito gaba da makirufo ya ce kowa ya faɗi gaskiyarsa. Ai kuwa kamar jira suke.

"Fim ya yi kyau," in ji wani direban tasi, "amma mutuwar nan ta bayan mota, gaskiya an yi mana ha'inci. Mutum a harbe shi ya zauna kamar ya gaji da tafiya? Ina jinin?"

"Ni bindigar ce ma," in ji wani mai gyaran waya. "Wallahi murfin kwalba ya fi ta ƙara. Na kalli finafinan yaƙi sun fi ɗari, harsashi ɗaga mutum yake yi ya yar."

"Kuma a ce soja zai bar duniya yana zancen safa?" Wata mai shagon ɗinki ce, har da tafa hannu. "Ko kalmar shahada! Ko a gaishe da gida! Wanda ya rubuta wurin nan bai taɓa ganin yaƙi ba."

Haba! Saje ya ji kansa ya sara. Ya miƙe tsaye ba tare da neman izini ba.

"Malam mai waya, an taɓa harbinka?"

"Allah ya kiyaye."

"To ni an harbe ni, ga shi nan a cinya. Ban tashi sama ba. Sai da takalmina ya cika da ɗumi na sani."

"To ai Baba, kai naka daban ne," mai gyaran waya ya ce yana murmushi. "Mu na gaske muke nufi, irin wanda idan ka gani ka san yaƙi ake."

Aka sake yin dariya, har da masu tafi. Abin ya ƙona wa Saje rai matuƙa. Kwana uku ya yi yana fama da ɗan wasan nan a kan kada ya dafe ƙirji, kada ya juya ido, ya zauna kawai. Yau ga mutanen da ko ƙarar harsashi ba su taɓa ji ba suna koya masa yadda ake mutuwa. Ya tsallake ƙafafun mutane ya fice.

A baranda darakta ya cim masa, yana share gumi.

"Saje, ka ji da kunnenka. Ni na yarda da kai, amma ba ni zan cika gidan kallo ba. Kwana ɗaya ya ishe mu. Mu ƙara wa bindigar ƙarfi, mu ɗora kansa a cinyar abokinsa, ya yi kalmar shahada, ya ce a gaida 'yar'uwarsa, kiɗa ya shigo a hankali. Kowa ya yi kuka ya tafi gida."

"Ƙarya kenan."

"Fim kenan, Saje."

"Ba za a taɓa ba!"

"Auta ne, ko?"

Muryar matarsa ce daga bayansu. Tana tsaye jikin ƙofa, jakarta a ƙirji. Auta ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya shiga soja saboda sha'awar kakin mijin yayarsa, aka kuma kai shi rundunar Saje. Shekara tara kenan da rasuwarsa.

"An canja suna, an canja komai," Saje ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka canja suna, ka bar jan kunne? Tun yana goye a bayana yake jan kunnen nan na hagu in ransa ya ɓaci. Da yadda yake naɗe igiyar takalmi sau biyu a idon sawu. Wa ya koya wa ɗan wasan nan, in ba kai ba?"

Shi ne kuwa. Tsabar son kada a yi kuskure ko na ƙwayar zarra, ya kwashe Auta kaf ya ɗora wa ɗan wasa, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai mai gane shi a duhu ba. Darakta ya ja da baya, ya kama duba wayarsa.

"Baban yara," ta ce, "ranar da ka dawo, a tsakar gida ka durƙusa gaban Inna, uwar da ta haife mu. Ka ce a cinyarka ya cika. Ka ce ya yi kalmar shahada sau uku, ya ce a gaishe ni, a ce wa Inna ta yafe masa. Abin da wannan bawan Allah yake roƙonka ya saka, ai shi ka ba mu."

Saje ya kasa ɗaga ido. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban manyan hafsoshi.

"Ban iya kallon fuskar Inna in ce mata safa ba," ya ce.

"Me ya ce? Dariyar mutane ta hana ni ji."

Saje ya ce, "Cewa ya yi, 'Wannan safar ko a lahira ba za ta bushe ba.'"

Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya, hawaye suka zubo. Ta goge da gefen mayafi.

"Wannan kam bakin Auta ne. Waccan maganar da ka ba ni, shekara tara ina juya ta, ban taɓa jin muryarsa a ciki ba." Ta dubi darakta. "Ni dai ban ga abin gyara ba. Amma ba ni kaɗai ba ce." Ta juyo kan mijinta. "Inna waccan take riƙe da ita, kullum sai ta faɗa wa baƙi. Jikokinta kuwa ba fim ɗin da ke wuce su, ranar da ya fito a ɗakinta za su kunna. In ka bar shi haka, kai za ka zaunar da ita ka gaya mata da bakinka. Ba ni ba."

Ta gyara jakarta ta sauka matakala, ba ta jira shi ba.

Cikin zauren har yanzu ana ta gardama, ana jiyo mai gyaran waya yana kwaikwayon ƙarar bindiga da baki. Darakta ya matso a hankali.

"Saje, sai yadda ka ce. In an gyara, kowa ya huta. Har da tsohuwar."

Saje ya dubi titi. Can ƙasa matarsa ta tsaya a inda ake jiran bas ɗin gida, ta juya masa baya.

"A bar shi," ya ce.

Ya sauka yana ɗan ɗingishi, ya tsallaka titi zuwa ɗaya gefen, inda bas ɗin unguwar su Inna ke tsayawa.