Jan Ɗigo a Turmin Yaji

Tun da ɗana Jabiru ya kai shekarun da ba zai ci gaba da zama ƙarƙashin iƙamata ba, wato takardata ta izinin zama a Saudiyya, hankalina bai sake kwanciya ba. A Jidda aka haife shi, a unguwar Hindawiyya, cikin ɗakin da muke har yau, amma takarda ba ruwanta da wannan. Dole ya sami kafili nasa na kansa, ɗan ƙasa da zai tsaya masa a takarda. In ba haka ba, duk ranar da aka tare shi a hanya sai a tura shi Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a hoto.

Ni tsire nake sayarwa a bakin titi, wanda Larabawan nan suke kira sire. Ba ni da hanyar manya. Saboda haka da yaron ya sami aiki a wani wurin koyon harbi da ke arewacin gari, inda masu lasisi suke zuwa su harbi allon takarda, na yi sadaka da nama. Saleh, mai kula da wurin, ya ga hannunsa yana da kyau wajen kwance bindiga da ɗaurawa, ya yi masa alkawarin za a mayar da kafalarsa can bayan aikin Hajji. A kan wannan alkawari muke rayuwa a shekarar 2011, ni da uwarsa Mastura.

Wata Laraba da la'asar ya shigo da wani ɗan akwati, ina tsakar gida ina yanka nama.

"Abuya, shuf," ya ce, wato Baba, duba. Hausarsa haka take, rabi da rabi da Larabci.

Wani ɗan baƙin ƙarfe ne, bai kai akwatin ashana ba, da ɗan gilashi a tsaye kamar taga. Ya ce a bisa ƙaramar bindiga ake ɗaura shi. Na wani mai zuwa wurin ne, Hamad. Batirin ya yi sanyi, Saleh ya ce ya nemo sabo a shagon masu agogo na Bagdadiyya, ya goge gilashin, ya dawo da shi ranar Asabar.

Na ajiye wuƙa. "Kayan bindiga ka kawo mini gida?"

"Ba ya harbi, Abuya. Gilashi ne da fitila, halas, shi ke nan. Leƙa ka gani."

Na goge hannuna na leƙa. Ga wani jan ɗigo kamar ƙwayar gero yana zaune a jikin bango. Na ɗauke ido na duba bangon, babu komai.

"Ina ya tafi?"

Ya yi dariya. Ya ce ɗigon bai taɓa zuwa bango ba. Wata 'yar fitila ce a ciki take haska gilashin, gilashin ya dawo da hasken cikin idon mai leƙawa, shi kaɗai yake gani. Ba ya jawo nesa kusa. Ana buɗe ido biyu, a kalli abin da ake nufi, ɗigon ya hau kansa da kansa. Ya nuna mini wasu ƙananan kusoshi biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, da su ake daidaita ɗigon har ya zauna inda harsashi yake sauka. Ya ce shi ya daidaita wannan da hannunsa, har Hamad ya yaba. Ban taɓa jin yaron ya yi magana mai tsawo haka da Hausa ba.

Tani, maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa, tana shanya a lokacin. Ta leƙa ita ma, ta ja da baya.

Gidanmu babba ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida, kuma fiye da rabin mutanensa umra ta kawo su, ba su koma ba. A makon da ya wuce 'yan jawazat, masu kama marasa takarda, sun shiga layin bayanmu sun kwashe mutane, har da mai jego. Tun ranar kowa yake tambaya wa ya kai rahoto. Kuma a gidanmu akwai al'ada tun kafin in tare: duk abin da ake tsoron zai jawo hukuma bakin ƙofa, Kawu Na'ibi ne mai yanke hukunci a kansa. Ƙanin mahaifiyar Mastura ne, shi ne mafi tsufa a gidan, shi ma ba shi da takarda. Shi ya hana kiɗa mai ƙarfi a biki, shi ya kori wani mai sayar da taba ta bayan fage. Ban taɓa musa masa ba.

Ranar Juma'a ni da Jabiru muka dawo daga masallaci, tun daga ƙofa muka ji daka. Na ce a raina wa yake taɓa mini turmi, domin turmin yajina ba na yarda kowa ya zuba ko da gishiri a ciki. Muka tarar da Kawu Na'ibi da taɓarya a hannu, Tani da wasu suna tsaye, Mastura tana bakin ɗaki ta rufe baki da mayafi.

Jabiru ya leƙa turmin. Ya tsuguna a wurin.

"Kawu, me ka daka?" na ce.

"Abin da zai cinye mu na daka, Badaru."

"Kayan mutane ne. Amana aka ba yaron."

"Amanar wa? Duk abin da yake da jar fitila hoto yake ɗauka. Na gani a ƙofar banki, na gani a hannun masu bidiyon biki. Na leƙa da kaina, na juya shi, sai ga ja a goshin Tani. Na juya, ga shi a ƙofar Usuman. Ɗaki ɗaki yake ƙirga mu."

"Ai duk inda ka juya shi nan za ka gani, Kawu. A idonka yake."

"A idona? To ni ne makaho ke nan."

Jabiru ya ɗago. "Ya jaddi, kakana, wallahi ma fi kamera, babu kyamara a ciki. Fitila ce kawai."

"Kai yi mini shiru, ɗan Larabawa. Wataƙila kai ma ba ka sani ba. Sun ba ka aiki babu takarda, sun ba ka abu ka kai unguwar Takari, unguwarmu ta baƙi, a ranar hutu, ba ka tambayi kanka dalili ba?"

Tani ta ce, "Ni dai tun shekaranjiya goshina yake ƙaiƙayi."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya jira. Masallacin yana nan kusa. Da sun haƙura a idar da salla, da yaron ya kwance abin a gabansu, ya ciro batirin, sun ga babu komai ciki. An san Jabiru tun yana rarrafe a wannan tsakar gidan. Shi yake karanta musu takardar asibiti, shi yake sayo musu magani idan suna tsoron fita. Amma aka shiga ɗakina ba na nan, aka ɗauki kayan wani, aka daka a turmin da nake ci da iyalina da shi.

Na ce wa Kawu gobe zai bi mu ya faɗa wa Saleh da bakinsa abin da ya yi.

Ya dube ni kamar na zare. "In bi ta shingen 'yan sanda? In ce masa me? Mun ji tsoro saboda gidan cike yake da marasa iƙama? Ka ba shi lambar gidan ma mana."

Gaskiya ya faɗa. Duk bayanin da zai wanke ɗana, sai ya tona gidan. Ban san Saleh ba, ban san Hamad ba, ban san wanda suke shan shayi da shi ba.

Da safe Jabiru ya tsince ɓaraguzan daga cikin yaji ya zuba a ɗan akwatin. Na ce zan raka shi. Ya ce a'a. Na ce to aƙalla ya ce wani tsoho mai ruɗewa ne ya fasa, ba sai ya ambaci gida ba.

"Sai Saleh ya ce wane tsoho, a ina, me ya sa. Bari kawai, Abuya."

Kafin azahar ya dawo. Ya ce wa Saleh abin ya faɗi daga aljihunsa a Bagdadiyya, mota ta taka. Saleh ya buɗe akwatin, ya shinshina, ya tambaye shi tun yaushe motocin Jidda suke warin barkono da ƙuli-ƙuli. Jabiru ya maimaita maganarsa. Saleh ya ce fashewa ba komai ba ce, kaya suna fashewa, amma ba zai ɗora sunansa a takardar wanda yake masa ƙarya a wurin da ake ajiye makamai ba. Ya karɓi mabuɗin ɗakin gyara, ya ce ya tafi.

Yanzu Jabiru yana tsayawa tare da ni a wajen gasa nama, yana juya tsinke, idonsa a kan titi kamar sauran. Iƙamarsa tana gab da ƙarewa, ina ta bin mutane.

Kawu Na'ibi kuwa har yau yana gaya wa baƙi yadda ya ceci gidan, hujjarsa ita ce tun ranar jawazat ba su shigo layinmu ba. Na zubar da yajin gaba ɗaya saboda gilashi, na sayi sabon turmi. Tsohon na ɗauka na ajiye masa a ƙofar ɗakinsa don ya riƙa gani. Ya kife shi, a kansa yake zama yana alwala.