Wa Ya Aske Direba?

Shekara goma sha ɗaya mai aski yana gyara wa direban bas kai, har ya fi mai kan sanin lungunansa. Ran nan yana ɗaura masa ƙyalle a wuya sai yatsansa ya ci karo da ɗan ƙullutu a ƙasan maƙogwaro, yana hawa yana sauka in direba ya haɗiyi yawu. Mai aski kuwa magana ba ta kwana a cikinsa. Ya sa shi a gaba da mita sai da ya je asibiti. Aka yi hoto, aka tsira siririyar allura aka zuƙo kaɗan daga abin da ke ciki, aka ce ya jira sakamako.

Tun daga nan direba ya ɗauke ƙafa. Wata biyu ko waya ba ya ɗagawa, mai aski ya bi ya damu, yana ganin shi ya tono wa amininsa masifa.

Wata safiya yana goge madubi sai ga direba ya yi sallama. Da ya cire hula, kan nan tal kamar ƙwai. Mai aski kuwa ya sha jin cewa maganin ciwon daji yana zubar da gashi. Ya kakkaɓe masa kujera, ya kawo ruwa, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai dubiya.

Direba ya zaro takarda daga aljihu. Ya ce tun sati na biyu sakamako ya fito. Likita ta bayyana masa cewa ƙullutun maƙoƙo irin wannan galibi ba daji ba ne, nasa ma allura ta nuna lafiyayye ne. Ba tiyata, ba magani, sai dai ya koma a sake hoto bayan shekara.

Mai aski ya yi hamdala ta fi a ƙirga, idonsa har ya kawo ruwa don murna. Can ya sake kallon kan.

"To gashin fa?"

Direba ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya tsoron yatsun nan ya ji, kada su sake lalubo masa wani abin, shi ya sa ya shiga sabon shagon bayan tasha. Can aka yi masa sassabe, gefe tudu gefe kwari, dole aka kwashe duka.

Mai aski ya warware ƙyalle ya ɗaura masa, ko da yake ba abin askewa, yatsunsa suka bi wuyan a hankali.

"Ciwo dai Allah ya tsare ka, ɗan'uwa," ya ce. "Amma cin amanar nan, zauna, yanzu za mu fara shari'a."