Yashi Ko Dusar Katako

Baro na huɗu ke nan da Emilia ta juye a cikin shingen kaji sa'ad da mijinta, Dattijo Gershon, ya fito da buroshi a baki, ya tarar filin da ke bayan gidansa ya koma bakin rafi.

"Maman Jason, wannan fa?"

"Yashi ne."

"Na ga yashi ne. Ai cewa muka yi sai mun zauna mun yi shawara."

"Mun zauna. Kai ka yi ta magana, ni na yi shawara."

Mako biyu ke nan ana jayayya a gidan kan abin da za a shimfiɗa wa kajin. Damina ta sauka a Kafanchan da ƙarfinta, ƙasan shingen ya zama taɓo, kashin kaji ya cakuɗe da shi, wari yana shiga har falo yana gaida baƙi. Gershon, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a reluwe bai taɓa riƙe kaza mai rai ba, sai ga shi ya zama masanin kiwo. Shi dai dusar katako. Tana shan ruwa, tana danne wari, in ta ruɓe a kai ta gonar citta. In ba a samu ba, buntun shinkafa. Yashi kuwa, in ji shi, yana ƙona wa kaji ƙafa da rana, ga nauyi wajen kwashewa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne, dusar katako ba ta riƙe sawu.

Tun watan Maris likita ya hana shi soyayyen abu da gishiri saboda hawan jini, Emilia kuwa ta karɓi maganar kamar daga dutsen Sina'i ta sauko. Daga ranar miya ta koma ruwan ganye. Daga ranar kuma, kullum wajen ƙarfe sha ɗaya, in ta tafi shagonta, dattijon ikilisiya mai zagayawa da farantin baiko ranar Lahadi yakan shiga shingen ya ɗauki ƙwai biyu, ya sa a aljihu, ya nufi teburin Musbahu mai shayi. A can ake soya masa da albasa da attarugu, a cikin man da zai ishi fitila.

Emilia ta lura ƙwai yana raguwa. Ta fara zargin maciji, ta yayyafa kananzir. Ta koma kan gafiya, ta toshe ramuka. Da dabbobi suka ƙare sai ta juya kan Faustina, matashiyar nas ɗin da ke haya a ɗakin baya, wadda babban laifinta shi ne tagarta tana kallon shingen.

Yanzu ga Emilia tana yayyafa wa yashin ruwa, tana lallashe shi da guntun katako tun daga akwatunan da kaji ke saka ƙwai har bakin ƙofa, tana ja da baya. Ta rufe ƙofar, ta ɗaga murya yadda za ta wuce kunnen mijinta.

"Na jiƙa shi da gangan. Ƙafar kaza ba ta nutsewa, ta mutum tana nutsewa. Daga shago zan wuce taron Zumuntar Mata a coci, sai ƙarfe huɗu. In na dawo na ga sawu, na san mai shi. In kuma ban ga sawu ba, ƙwai ya cika cif, to ɓarawon ɗan gida ne, ya ga ina zuba yashi ya ji tsoro." Ta dubi tagar Faustina. "Ranar Asabar ta kwashe kayanta."

"Haba, Maman Jason. Yarinyar da ke cikin mawaƙan coci?"

"Yahuza ma, da ya ci amanar Ubangiji, tare da shi ya ci abinci."

Gershon ya dubi fuskarta da kyau. Shekara talatin da huɗu yana karanta fuskar nan, amma yau kamar an rufe ofis. Ta sani ne? In ta sani, me ya hana ta faɗa? Emilia ba ta ajiye magana ta kwana. In kuma ba ta sani ba, yaya aka yi ta haƙa rami daidai tsawonsa?

Ƙarfe sha ɗaya ya je wajen Musbahu da aljihu wayam.

"Baba Dattijo! Yau kajin sun shiga yajin aiki ne?"

"Rage murya."

Ya zauna a ƙarshen benci, ya ba shi labari a taƙaice. Musbahu ya yi dariya har shayin da yake shiƙawa ya zube a ƙasa.

"To ai ina da ƙwai, Baba. Ga kiret nan. Ka bar nata ya huta."

"Ba ka ji ni ba. In ban ɗauka ba, yarinyar ce ɓarauniya. In na ɗauka, ga ƙafata."

"Ka ɗauka ka share sawun."

"Da katako ta lallashe shi, ta yi masa layi-layi. Ko ƙuda ya sauka za ta gane."

"Ka ɗaura ludayi a sanda, ka zuro daga waje."

"Akwatunan suna can jikin bango. Kuma ni dattijon ikilisiya ne, ba mai kamun kifi ba."

"To ka faɗa mata mana."

Gershon ya dube shi da tausayi. "Shekararka nawa da aure?"

"Uku."

"Shi ya sa."

Musbahu ya goge kasko da tsumma. "Ai shekaranjiya ma Mama ta tsaya nan ta gaishe ni."

"Ta ce me?"

"Ta ce ina aiki, ina iyali."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ta dai daɗe tana kallon kaskon."

Gershon ya dubi kaskon shi ma. Baƙi ne, ba ya magana. Ya dubi Musbahu, wanda yake da baki, kuma ba a san shi da barinsa a rufe ba. Ya dubi wani mai keke napep da ke shan shayi a ɗaya gefen bencin, sai ya ga kamar ya taɓa ganinsa yana sauke Emilia a ƙofar coci. Garin nan ƙarami ne, rabin mutanensa kuwa matansu suna Zumunta. Ya tashi bai sha komai ba.

A gida ya tarar da Faustina zaune a kan 'yar kujera tana wanke farar rigar aikinta. Idanunta sun yi ja, ko don aikin kwana da ta yi, ko don wani abu.

"Sannu da dawowa, Baba."

"Yawwa, 'yata. Ba ki kwanta ba?"

"Barci ya ƙi. Na ji abin da Mama ta ce." Ta matse rigar. "Na kira wata ƙawata ta duba mini ɗaki wajen unguwar Takau. Nisa ne kawai da asibiti. Baba, ni ko ƙwai ba na ci, ƙuraje yake sa ni. Na gaya wa Mama, ta ce ai ana sayarwa."

"Allah zai bayyana gaskiya," in ji Gershon, da muryar da yake rufe addu'a da ita.

"Amin, Baba. Da ma ya yi sauri, kafin Asabar."

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Ya gwada tunanin cewa yarinyar ma da ita aka haɗa baki, don nas ce, ta san zancen hawan jini, ƙila jan idon ma na albasa ne. Tunanin ya yi masa daɗi na ɗan lokaci. Sai ya jiyo ta tana jan akwati daga ƙarƙashin gadonta, ƙarfe yana kuka a kan siminti.

Ya cire silifas. Ya jawo takalminsa na zuwa coci, lamba arba'in da biyar, wanda babu mai irinsa a layin, ya ɗaure igiya tsaf. Ya buɗe shingen. Kajin suka watse suna ƙorafi. Ya taka yashin da dukan nauyinsa, taku biyar zuwa akwatunan, kowane sawu ya fito har da tambarin dunduniya. Ya ɗauki ƙwai biyu masu ɗumi, ya dawo ta gefe don kada ya ɓata na farko. Bai je wajen Musbahu ba. Ya zauna a inuwar mangwaro da takalmin a ƙafa, yashi a jikinsa, ƙwai a aljihu, yana ganin ya yi abin da ba kowane namiji zai yi ba. Ta zo ta gani da idonta, shi ba sai ya ce komai ba.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Emilia ta shigo da zanen Zumunta, littafin waƙa a hammata. Ba ta ajiye jaka ba, ta wuce shingen. Ta daɗe a tsaye tana duban sawun. Ta sunkuya ta auna ɗaya da tafin hannu. Sannan ta juyo, ta dubi mijinta tun daga hula har ƙasa, ta girgiza kai.

"Ka ga wayon yarinyar nan? Har takalminka take sawa."

Ta nufi ɗakin baya. "Faustina! Fito!"

"Maman Jason."

Ba ta tsaya ba.

"Emilia. Ni ne."

"Kai ne me?"

Ya ciro ƙwan guda biyu, ya riƙe su a tafin hannu. Sun riga sun huce.

"Ni nake ɗauka. Tun Maris."

Emilia ba ta ko ɗaga gira ba. "Ba ni za ka gaya wa ba, Baban Jason. Ga mai ɗakin nan. Ka ɗaga murya, kamar yadda kake karanta sanarwa."

Faustina tana bakin ƙofa da ɗankwali a hannu. Gershon ya maimaita, ya ƙara da ba ta haƙuri. Yarinyar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Ya kasa gane ko kuka take yi ko dariya, bai kuma ga alamar akwai wanda zai gaya masa ba.

Emilia ta karɓe ƙwan daga hannunsa, ta miƙa masa shebur.

"Gobe da safe ka je wajen masu yankan katako ka samo dusar nan, buhu shida. Wannan kuma ka kwashe shi yau. Yashi yana ƙona musu ƙafa."