Kamfanin da Ba Shi da Ƙofar Gida

Ni Jelani, da digirina da komai, ni na kwashi kuɗin Hajjin Innarmu na zuba a kirifto, kuɗin intanet. Gonar gadonta ta sayar, ta miƙo mini ta ce in ajiye har a buɗe biyan kujera. Naira kuwa a lokacin kullum sai zubewa take yi. Wani abokin aikina ya nuna mini wata manhaja a waya, inda ake mayar da naira dalar intanet. Na ce ai wannan dabara ce, ba caca ba. Wata biyar ina leƙa waya ina jin kaina gwani.

Ranar da na tashi cirewa, sai manhajar ta ce an dakatar da fitar da kuɗi, wai ana gyara. Gyaran uban me? Yau sati uku ke nan. Kuɗin suna nan a rubuce, ina ganinsu da idona, amma ko sisi ba ya fita. Ga shi jibi za a rufe biyan kujera, Inna kuma ta gama zagaya unguwarsu ta Gidan Dare gida-gida tana neman gafarar maƙwabta.

Da abin ya fi ƙarfina, na hau keke daga Arkilla inda nake zaune na je na durƙusa gaban Baba a zaure, na faɗa masa komai. Babanmu, Malam Abubakar Siddiƙ, shekara arba'in yana sasanta mutanen unguwa, daga rigimar gado har ta iyakar fili. Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da na ji sanyi. Tashi ya yi ya shiga ciki, ya fito da babbar riga da rawani.

"Tashi mu tai," in ji shi. "Ina gidan mai kamfanin?"

"Baba, ba shi da gida nan."

"To, ofishinsu."

"Babu ofis. Ko ƙasar da suke ban sani ba."

"Ubanai fa? Ko limaminai? Mutum ba ya rasa wanda yaka jin kunya."

Na ciro waya. Na nuna masa ɗan akwatin da ake rubuta koke a cikin manhajar, na ce iyakar ƙofar ke nan. Ya gyara zama, ya ce in rubuta abin da zai faɗa. Ya fara da sallama, ya gaishe su da iyalansu. Ya ce kuɗin wata tsohuwa ne mai son ganin Ka'aba kafin ta mutu, su dubi girman Allah. Na rubuta duka na tura.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba amsa ta faɗo, da Turanci. Ita ce dai wadda na'ura ta turo mini sau talatin: mun gode da haƙurinka, muna kan aiki.

"Mi sunka ce?"

"Sun ce sun gode, suna kan aiki."

Fuskar Baba ta washe. "Ka gani? Ba ka iya magana da mutane ba ne."

Na buɗe baki ke nan in ce masa ba mutum ba ne ya amsa, sai ya ɗaga murya zuwa cikin gida yana kiran Inna.

"Mariyatu! Ci gaba da shirinki, na yi magana da su."

Daga tsakar gida na ji Inna tana hamdala, tana sa mini albarka.